Wadda Ta Haifi Hamma

Ofishin Aikin Gona,
Dutsin-Ma.
6 ga Yuni, 1988.

Zuwa ga taubashiyata Sauda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hamma da dukan mutanen Kurfi. Ni lafiya lau, sai haƙorin nan da ya ƙi barina in ci nama. An yi mana ruwan shuka ranar Talata. Na ji labarin kin yi nauyi, har in alli ya faɗi a aji sai dai ki bi shi da kallo. Allah ya raba lafiya. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, don haka ko 'yan biyu kika haifa, ke baiwata ce har gobe.

Ga doguwar takarda nan na ba Ɗanmusa direba ya kawo maki, mai huji-huji a gefe. Kada ki naɗe daddawa da ita. Zuri'armu ce kaf, mutum ɗari biyu da sha huɗu, tun daga kakan kakanmu, kowace mace da jerin 'ya'yanta a ƙarƙashin sunanta.

Kin tuna bara na yi ta yawo Wurma da Birchi da Karofi da littafi a hammata ina damun tsofaffi da tambaya, kina ce mani mai ƙidayar matattu? To ga amfaninshi. Baturen injiniyan da ya bar ofishinmu ya bar mana kwamfuta, kuma a cikinta akwai wani tsari na jera dangi. Biyu ne ma, tsoho da sabo, suna zaune a na'ura ɗaya. Da tsohon na fara, da Kefas ya nuna mani sabon sai na sake zuba sunayen a cikinshi. Kefas shi ne mai kula da na'urar, mutumin kudancin Kaduna, mai kirki amma da ƙa'ida kamar malamin asibiti. Kullum sai ya ce kowane fayil da tsarin da ke buɗe shi, kada a haɗa. Ranar da na buga wannan ma ba ya nan. Da hannuna na yi, ki gaya wa Hamma.

Ki nuna wa manya su duba, in akwai wanda na manta a faɗa mani. Mafi yawan sunayen daga bakin Goggo Hawwa'u na same su a Wurma, wata biyu kafin rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Ranar ta faɗa mani wata magana game da gidanmu da ban taɓa ji ba. Ba ta takarda ba ce, sai mun haɗu.

Ubangidanki,
Hudu.

*

Kurfi.
13 ga Yuni, 1988.

Yaya Hudu,

Ina gaishe ka, ya haƙorin? Jikina lafiya, cikin ya shiga wata na bakwai. Ka yi haƙuri yau babu wasa a bakina.

Takardarka ta iso ina makaranta. Hamma ya karɓa, don murna bai ko warware ta ba ya kai wa Baffa Malam Garba a ƙofar masallaci, tunda shi ne babba a gidansu yanzu. Malam ya sa tabarau yana bi da yatsa, mutane sun kewaye shi kowa na neman sunanshi. Da ya zo kan Goggo Hawwa'u sai yatsan ya tsaya. Ya naɗe takardar, ya ce kowa ya tafi.

Yaya Hudu, a ƙarƙashin sunan Goggo Hawwa'u, na farko a 'ya'yanta, an rubuta Mahmuda. Ka san shi ne sunan yankan Hamma. A ƙarƙashin Inna Dudu kuwa, wadda duk duniya ta sani ita ce mahaifiyarshi, babu shi.

Ko ka manta wace ce Goggo Hawwa'u a wurina? Mahaifiyata ta rasu ina da wata huɗu. Goggo ce ta haɗa ni da 'yarta ta shayar da mu har yaye. In ita ta haifi Hamma, to nono ɗaya muka sha, shi wana ne, kuma shekara biyu ke nan ina zaune a ɗakin wanda bai halatta gare ni ba.

Lokacin aurenmu an yi wannan magana. Aka ce ai Hamma ɗan farin Inna Dudu ne, ta ba yayarta Goggo riƙonshi bayan yaye kamar yadda ake yi, bai taɓa shan nononta ba. Kowa ya yarda. Amma yanzu Malam ya ce a duba, wa ya gani? Su biyun sun tafi kudu da shanu tare da mazajensu, suka yi shekara uku, suka dawo da yaro yana tafiya da ƙafarshi yana riƙe da zanen Goggo. Mazan sun rasu. Goggo ta rasu. Shi Malam lokacin yana hanyar Makka a ƙasa. Inna Dudu kaɗai ta rage, ita kuwa tunda nake ban taɓa jin ta ce Hamma ɗanta ne ba. Ko sunanshi ba ta kamawa, in ya shigo sai ta kau da kai. Da muna cewa kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu. Yau ban san me zan ce ba.

Malam ya kira mu zaure. Ya ce, "Ni ba zan raba aure saboda takarda ba, amma ba zan bar ku ɗaki ɗaya a kan shakka ba. Hudu ba mahaukaci ba ne, wani ya gaya mashi." Hamma ya kwashe tufafinshi ya koma gidan Malam.

Don girman Allah ka gaya mani, me Goggo ta faɗa maka? Ka ba Ɗanmusa amsa gobe.

Sauda.

*

Kurfi.
1 ga Yuli, 1988.

Yaya Hudu,

Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan da rai.

Kwana sha takwas ke nan. Duk ranar da motar Ɗanmusa ta shigo sai in aika a tambaya, ya ce ya ajiye wasiƙar a ofishinku, bai gan ka ba. Na sake karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka ce Goggo ta faɗa maka maganar da ba ka taɓa ji ba, kuma ba ta takarda ba ce. Na gane. Ba ka iya faɗa da baki ba, sai ka bar na'ura ta faɗa, ka aiko mani da ita cikin wasa da dariya. In haka ne ka zalunce ni, da ka zo da kanka ka zaunar da ni.

Yanzu komai na tuna sai ya juye mani. Ranar da aka kai ni, Goggo ta yi kukan da har mata suka riƙa yi mata tsiya. Na ɗauka daɗi ne. Goshin Hamma da nata iri ɗaya ne, ka taɓa lura? Na san 'yan'uwa ne ita da Inna Dudu, dole a yi kama, amma zuciya ba ta jin wannan.

Hamma yana zuwa kowace safiya ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar baƙo, ya ajiye cefane, ya tambayi jikina ta bayan bango. Ya rame. Jiya ya ce, "Sauda, in ta tabbata, me zan riƙa kiranki?" Sai na koma ɗaki.

A makaranta ba wanda ya ce mani uffan, amma in na shiga ofishin malamai sai hira ta mutu. Malam ya ce ko yaya ta kasance ɗan da ke cikina na Hamma ne, tunda ba mu sani ba muka yi, auren ne dai zai warware. Yana ganin kwantar mani da hankali yake. In yaron ya motsa sai in ji tsoronshi ya kama ni, ni da na shekara ina roƙon Allah ya ba ni shi.

Ko gaskiyar mai ɗaci ce ka rubuto. Shirun ya fi ta ciwo.

Sauda.

*

Dutsin-Ma.
8 ga Yuli, 1988.

Sauda ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi maki sannu da jiki. Jiya na dawo daga rangadi, mako huɗu muna auna gonakin gwaji daga Karofi zuwa ƙauyukan bayanta. Na iske wasiƙunki biyu a kan teburina, an ɗora masu fayil. A tsaye na karanta su.

Bari in fara cire maki ƙaya ɗaya. Maganar da Goggo ta faɗa mani ba ta shafi Hamma ba ko kaɗan. Cewa ta yi kakan kakan nan namu da muke alfahari da shi, wai mai garke bakwai, ƙarya ce. Da sanda da gora kaɗai ya zo daga wajen Maraɗi, kiwon shanun wasu yake. Ta yi ta dariya, ta ce kada in rubuta, kada 'yan Birchi su ji. Shi ke nan, wallahi. Na ɓoye ne don in tsokane ki da shi.

Sauran maganar kuwa ba zan yi maki ƙarya ba, ni ma tsoro nake ji. Na yi ta matsa kaina in tuna. A Birchi, da na ce Inna Dudu ta lissafa mani 'ya'yanta, biyar ta ƙirga, kuma ba ta kira Hamma ba. A Wurma Goggo ta ce ɗiyanta bakwai, da shi ta fara. Ban tambaye ta haihuwa take nufi ko riƙo ba. Me zai sa in tambaya, abin da na ɗauka kowa ya sani? Littafin da na rubuta maganarsu a ciki kuma, da na gama zubawa a na'ura sai na ba mai tsiren bakin ofis ya naɗe nama da shi. Na ce ai kwamfuta ta haddace. Ki zage ni, na cancanta.

Abin da nake zato shi ne laifin hannuna ne ranar bugawa. Tsohon tsarin gurbi biyu kawai ya sani ga kowane mutum, uba da uwa. Sabon yana da na uku, na wadda ta riƙe yaro. Fayilolin duka biyun kuma sunansu da haruffa uku iri ɗaya yake ƙarewa, don haka na'ura ba ta bambance su, wanda ka kira shi zai buɗe. Ina jin fayil ɗin sabo na buɗe da tsoho. Amma zato ne, kuma ban tuna abin da na sa a gurbin uwar Hamma ba. Sunaye ɗari biyu ne, Sauda.

Ba zan iya dubawa yanzu ba. Mahaifin Kefas ya rasu, Kefas ya tafi garinsu, makullin kabad ɗin da ake ajiye faifan kwamfuta mai ɗauke da sunayen yana aljihunshi. Na roƙi oga a fasa kwaɗon, ya ce kayan gwamnati ne, kuma ba mai taɓa na'urar sai Kefas ya dawo. Izinin zuwa Kurfi ma ya hana ni, wai lokacin rabon taki ne.

Ki roƙi Malam ya jira. Ki ci abinci don Allah.

Hudu.

*

Kurfi.
19 ga Yuli, 1988.

Yaya Hudu,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ƙafafuna sun kumbura, ungozoma ta ce in rage tsayuwa, na daina zuwa makaranta.

Na yi dariyar kakan kakanmu mai gora, dariyar farko cikin wata guda. Da na juya shafi sai ta koma ciki. Goggo da bakinta ta ce ɗiyanta bakwai, da Hamma ta fara. Inna Dudu ta ce biyar. Kai kana ganin ka wanke na'urarka, ni kuwa ka ƙara mani shaidu biyu. Na ɓoye wasiƙar, ban nuna wa Malam ba, Allah ya yafe mani.

Mun gaji da jiran Kefas. Malam ya aiki matarshi Birchi ta tambayi Inna Dudu. Ta iske ta tana dama fura. Bayan gaisuwa ta ce, "Dudu, ɗiyanki nawa?" Ta ƙirga biyar ɗin nan. Ta ce, "To Hamma fa?" Inna ta ajiye ludayi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Har matar Malam ta taho ba ta fito ba.

Rabin mutane sun ce ai ga amsa nan, wace Bafulatana ce za a tsare ta a kan ɗan farinta ba ta gudu ba? Rabi sun ce mai abin ɓoyewa ma haka take gudu. Malam ya ce kunya ba shaida ba ce, yana son magana a fili. Ya ba da wa'adi zuwa ranar suna. In ba a samu ba, zai raɗa wa yaro suna, Hamma kuma ba zai dawo gidan ba.

Salla saura kwana biyar. Hamma ya kawo rago ya ɗaure a tsakar gida, ya fita da sauri kamar wanda ya shigo gidan mutane. Ni da ragon muke kallon juna.

Ina jin tsoron haihuwar nan, Yaya. Uwata a kan haihuwata ta kwanta ba ta tashi ba. Ina tsoron in tafi ban san ko ni matar Hamma ce ko ƙanwarshi ba.

Sauda.

*

Dutsin-Ma.
2 ga Agusta, 1988.

Sauda,

Barka da salla, da fatan ƙafar ta sace. Ki daina maganar tafiya, ba inda za ki sai kin gama bauta mani.

Kefas ya dawo ranar Litinin. Ko gaisuwar rashi ban gama yi mashi ba na kwashe labari na gaya mashi. Ya sa aka tada janareto, ya buɗe kabad, ya jawo mani kujera kusa da tashi.

Ya sa faifan da na buga maki takarda da shi, ya buɗe da tsohon tsari. Sai ga Mahmuda, uwa Hawwa'u. Ya rufe, ya buɗe fayil ɗin nan dai da sabon tsari. Sai ga Mahmuda, uwa Dudu, mai riƙo Hawwa'u. Ya ce, "Malam Hudu, ka gani? Tsohon bai san riƙo ba. In ya ga mata biyu a kan yaro ɗaya, ta ƙarshe yake ɗauka ya ce ita ce uwa. Ban gaya maka kada ka haɗa su ba?" Muka duba, ashe ba Hamma kaɗai ba ne. Mutum sha tara ne a takardar da ke hannunku aka sauya wa uwa, har da ni. Ba wanda ya lura saboda Malam ya naɗe ta da wuri.

Na tashi zan rungume shi, ya ce in zauna tukuna. Ya ɗauko faifan farko, wanda na cika da littafin a gabana kafin in yar da shi. Muka buɗe shi da nashi tsarin. Mahmuda na nan, gurbin uwa kuwa fayau, babu kowa. A nan na tuna. Dudu ba ta ƙirga shi ba, Goggo ta ƙirga shi, abin ya ɗaure mani kai, na bar wurin. Da na zo cika sabon, daga kaina na sa Dudu, don haka na taso na ji ana faɗa.

Kefas ya ce, "To ka ga na'ura ba ta san komai ba. Ba ita ta je Birchi ba, kai ka je." Ya ce su ma a garinsu akwai abin da tsohuwa ba ta faɗa ko za a yanka ta, amma in ta ga jika wani lokaci bakinta yakan buɗe. Ya tambayi sunanki ya ce za su sa ki a addu'a shi da matarshi Justina.

Yanzu ya sauya wa fayilolin wutsiyar suna, na tsoho daban na sabo daban, ya gyara yadda kowanne ba zai buɗu ba sai da nashi. Ya manna jan ƙyalle a tsohon faifai. Aikin minti goma, Sauda. Minti goma ne tsakaninki da wannan wata biyun.

Ga takardu biyu nan, ta tsoho da ta sabo, da wasiƙa zuwa ga Malam inda na faɗi laifina duka, har da maganar biyar da bakwai. Kada ki ɓoye wannan. Na tabbata kuskurena ne ya fito a takarda. Amma in aka ce in rantse a kan wadda ta haifi Hamma, ba ni da abin rantsuwa. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na kwanakin nan ba.

Hudu.

*

Kurfi.
23 ga Agusta, 1988.

Yaya Hudu,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Kefas da iyalinshi. Na sauka lafiya ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, namiji. Jiya aka yi suna. Ina kan wankan jego, don haka ka yi haƙuri da rubutun, a cinya nake yi.

Malam ya karanta wasiƙarka sau biyu. Ya shimfiɗa takardun nan biyu a tabarma, ya ce, "Abin da ya faɗi magana biyu ba ya shaida, ko mutum ne ko ƙarfe. Mun koma inda muke." Ban ji haushinshi ba. Na ga idonshi, shi ma ba barci yake ba.

Ranar kwana biyar da haihuwa Inna Dudu ta zo da safe, da ƙwaryar nono da man shanu. Ta zauna can bakin ƙofa, ta yi barka da mata, ko inda yaron yake ba ta kalla ba. Na tuna maganar Kefas. Yaya, na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na tashi na ɗauki yaron na ɗora mata a cinya, na durƙusa na dubi surukata ido cikin ido. Na ce, "Inna, ki yafe mani rashin kunya. In kika yi shiru, saura kwana biyu yaron nan ya zama wanda ubanshi ba ya shiga gidansu." Wasu matan suka sulale waje.

Ba ta amsa ba. Ba ta kuma mayar mani da shi ba. Tana riƙe da shi har azahar, in ya yi kuka ta miƙo in ba shi nono ta sake karɓa. Aka kawo mata tuwo ba ta taɓa ba. Na cire rai. Bayan la'asar sai ta ce da matar Malam, "A kira mani Garba."

Malam ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi har ƙasa, yaron na cikin mayafin. Muryarta da ƙyar ake ji. Ta ce, "Ni na haihe shi. A kudu, bakin gulbi, shekarar da ciwon huhu ya kashe mana shanu. Wata ashirin da biyu yana shan nonona. Ran da na yaye shi Yaya Hawwa'u ta ɗauke shi, ita lokacin ba ta taɓa haihuwa ba, babu ruwan nono a jikinta. Na tsaya bayan bukka ina jin kukanshi, ban fito ba."

Malam ya ce, "Dudu, na ji. Amma ɗiyanki maza uku ne. Wanne kike nufi? Sai kin kama suna."

Na ji kamar in rufe mashi baki. Muka jira. Kaji na ta koke-kokensu a tsakar gida, ba mai motsi. Can sai ta ce, "Mahmuda."

Ashe Hamma ya biyo Malam, yana tsaye a bayanshi. Shekararshi talatin da ɗaya bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai ji muka yi ya zauna daɓas a ƙasa, cikin taɓo, da fararen kayanshi. Malam ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya goge ido da bakin rawani, ya ce, "Tashi ka shiga ɗakinka." Inna kuwa ta miƙo mani yaro, ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi ta bayan gida ta kama hanyar Birchi ba sallama. Ko bikin sunan ba ta zo ba. An ce kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba don kunya.

Na yafe maka, amma ragon salla mai zuwa a wuyanka yake, kuma daga yau kai ne bawan. Tsohuwar takardar Hamma ya ƙone ta.

Saura abu ɗaya. Ka sa yaron a na'urarku, a sabon tsarin, Kefas na zaune kusa da kai. Tun jiya mata sun fara yi mani tsiya, in aka kira sunanshi suna leƙen fuskata, kuma abin mamaki na ji bakina ya fara nauyi. Ɗan fari ne. Na san kaina, nan da wata guda ni ma zan riƙa cewa yaron nan, in kau da kai. Ƙanwar Hamma har ta fara cewa in an yaye shi nata ne.

Don haka ka rubuta tun yanzu. Ubanshi Mahmuda. Uwarshi ni, Sauda, ni na haife shi, ni nake shayar da shi. Sunanshi Sabitu.

Ka adana wannan wasiƙar, kada ka ba mai tsire. Ba lalle ka sake jin sunan a bakina ba.

Taubashiyarka,
Sauda.